Me ya sa garin da ake haƙo arziki yake kwana da talauci?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen kimiyyar siyasa, kuma ina so aikin bincikena ya kasance a kan albarkatun ƙasa. Abin da ke damuna shi ne, kusan duk inda aka samu man fetur ko zinariya ko wani ma'adini, mutanen da ke zaune a wurin su ne suka fi shan wahala. A aji wasu na cewa laifin manyan ƙasashe ne da kamfanoninsu, wasu kuma na cewa laifin shugabannin cikin gida ne. Wanne ne gaskiya? Kuma ta ina zan kama batun don kada aikina ya zama surutu kawai?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. Abu biyu kike nema: ki san wanda za a ɗora wa laifi, kuma ki san yadda za ki mayar da damuwarki bincike mai hujja. Shawarata ita ce ki jinkirta na farko har sai kin gama na biyu. Muhawarar ajinku ba za ta ƙare ba, domin kowane ɓangare yana riƙe da misalai na gaskiya. Abin da zai raba gardamar shi ne ki bi kuɗin sawu, tun daga bakin rami ko rijiyar mai har zuwa inda ya tsaya, kina tambaya a kowane mataki: nawa ya shigo, nawa ya fita, wa ya sa hannu? Idan kika yi haka za ki ga cewa na waje da na gida galibi a takarda ɗaya suka sa hannu, kuma al'ummar da ke zaune a kan ma'adinin ba ta cikin ɗakin lokacin da aka sa.

Abin da masana suka riga suka faɗa

A 1993 masanin tattalin arziki Richard Auty ya yaɗa kalmar da ake fassarawa da la'anar albarkatu, sannan a 1995 Jeffrey Sachs da Andrew Warner suka nuna cewa ƙasashen da suka fi dogara da sayar da ɗanyen kaya sun yi jinkirin bunƙasa a shekarun 1970 da 1980. Dalilai uku aka fi kawowa. Na farko, kuɗin waje da ke kwararowa yana ɗaga darajar kuɗin ƙasa, sai kayan noma da na masana'antu su yi tsada a kasuwar duniya su durƙushe. Wannan ne ake kira cutar Holand, saboda abin da ya biyo bayan gano iskar gas a yankin Groningen na ƙasar Holand a 1959. Na biyu, farashi ba ya zama wuri ɗaya: gangar mai ta haura dala 100 a tsakiyar 2014, ta faɗo ƙasa da dala 30 a Janairun 2016, alhali albashi da bashin da gwamnati ta ɗauka lokacin yalwa suna nan. Na uku, wanda ya fi shafar fanninki, gwamnatin da ke samun kuɗinta daga kamfanoni ƙalilan ba ta buƙatar harajin talaka, wanda kuwa ba ya buƙatar kuɗinka ba ya jin dole ya saurare ka.

Ki lura da rauni ɗaya a wannan nazari, domin masu jarrabawa suna son tambayarsa. Ƙasar da ba ta da masana'antu dole ma'adini ya zama kaso mai yawa na abin da take fitarwa, don haka wani lokaci talaucin ne ya jawo dogaron, ba dogaron ne ya jawo talaucin ba. Kuma akwai ƙasashen da suka tsira. Norway ta gano mai a Ekofisk a 1969, tana karɓar harajin da ya kai kashi 78 cikin 100 na ribar kamfanonin mai, ta kafa asusun ajiya a 1990, kuma dokar kasafinta ta taƙaita abin da za a ciro a shekara zuwa kusan kashi 3 na asusun. Botswana ta samu 'yanci a 1966 tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya, aka gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, shugaban ƙasar na farko Seretse Khama ya shawo kan sarakuna suka miƙa haƙƙin ma'adinai ga ƙasa baki ɗaya ko da yake a yankin ƙabilarsa aka fara samu, daga baya gwamnati ta mallaki rabin kamfanin haƙar lu'ulu'u na Debswana tare da kamfanin De Beers. Amma ko a can, an tashi mutanen San daga gandun dajin tsakiyar Kalahari, sai a 2006 babbar kotu ta ce korar ta saɓa doka. Gwamnati ta musanta cewa lu'ulu'u ne dalili. Darasin da ke ciki a gare ki shi ne, ƙasa na iya cin riba al'umma kuma ta yi asara a lokaci guda, kuma waɗannan ma'auni biyu ne daban.

Inda kuɗin ke fara zirarewa

Ana cewa a rashin sani kaza ta kwana a kan dami. A wannan batu kazar ta san da damin sarai, ɗaure shi aka yi da yarjejeniya. Don haka yarjejeniyar ce abu na farko da za ki koyi karantawa.

Gwamnati na samun kuɗi daga ma'adini ta manyan hanyoyi huɗu: kuɗin sa hannu da na lasisi, royalti wanda ake cirewa daga kuɗin sayarwa ko an ci riba ko ba a ci ba, harajin riba, da kuma rabon hannun jari ko rabon abin da aka haƙo. Harajin riba shi ne ya fi girma a takarda, shi ne kuma ya fi sauƙin kaucewa. Ga misali na lissafi kawai. A ce tan ɗaya na tagulla dala 9,000 ne a kasuwar duniya, kuɗin haƙo shi dala 6,000, haraji kashi 30. Riba 3,000 ke nan, haraji 900. Sai kamfanin ya sayar wa wani reshensa da ke ƙasa mai sauƙin haraji a kan 7,000. Riba ta koma 1,000, haraji 300. Sai kuma ya zamana uwar kamfanin ce ta ba shi bashin gina mahaƙar da ruwa mai tsada, tana kuma cajin kuɗin shawara da na gudanarwa, duka su kama 800 a kowane tan. Riba ta koma 200, haraji 60. Idan ana fitar da tan 100,000 a shekara, dala miliyan 90 ta zama miliyan 6, kuma kowace takarda tana da hatimi. Wannan ba zato ba ne: a 2020 Kotun Ƙolin Zambiya ta goyi bayan hukumar harajin ƙasar a shari'arta da kamfanin Mopani kan farashin da ya sayar wa Glencore, mai rinjayen hannun jarinsa a lokacin, tagulla, kuma shari'ar ta shafi cinikin da aka yi fiye da shekara goma kafin hukuncin.

Royalti ya fi wuyar kaucewa muddin an ɗaure shi da farashin kasuwar duniya kuma hukuma na da ɗakin gwajin da zai tabbatar da nauyi da ingancin abin da aka loda. Amma yana da nasa aibin. Idan ya yi yawa, lokacin faɗuwar farashi kamfani zai tsame mai kyau ya bar sauran a ƙasa, ko ya rufe ya sallami ma'aikata. A ganina ƙasar da hukumar harajinta ba ta da ƙarfi gara ta jingina da royalti mai hawa da sauka tare da farashi, kafin ta gina ma'aikatan da za su iya binciken littattafan kamfani.

Sai sharaɗi biyu da ɗalibai kan tsallake saboda suna can ƙarshen takarda. Ɗaya yana daskarar da doka, wato ya ce duk wani sabon haraji ko ƙa'ida da majalisa za ta kafa nan gaba ba zai hau kan wannan kamfani ba na tsawon shekara goma, ashirin ko fiye. Ɗayan yana cewa idan an samu saɓani, a kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa za a warware. A 2019 irin wannan kotu ta umarci Pakistan ta biya kusan dala biliyan 6 kan hana lasisin mahaƙar Reko Diq, adadin da ya kusa daidai da bashin da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya amince ya ba ta a shekarar. An sasanta a 2022. Ki duba yadda wannan ke shafar ƙauye: idan mutane suka yi zanga-zanga kan gurɓatar ruwa, ministan da ke son tsaurara doka yana lissafin abin da za a ci ƙasar tara kafin ya motsa.

Siyasar duniya a ciki

Masu cewa laifin manyan ƙasashe ne suna da tarihi a hannu. Firaminista Mohammad Mosaddegh ya mayar da man Iran hannun gwamnati a 1951, aka kifar da shi a 1953 da hannun hukumomin leƙen asirin Amurka da Birtaniya. Ƙasashe masu tasowa sun mayar da martani ta hanyar haɗa kai: aka kafa OPEC, ƙungiyar ƙasashe masu fitar da mai, a Bagadaza a 1960, Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 1803 a 1962 wanda ya tabbatar da ikon dindindin na al'ummomi a kan albarkatunsu, kuma a rikicin 1973 farashin mai ya ninka kusan sau huɗu. Yau a kusan ko'ina doka ta ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne. Faɗan ya koma kan wanda ke da jari, da fasaha, da matatar da ake sarrafa kayan.

Kwango ta Kinshasa na samar da kusan kashi 70 na kobalt ɗin duniya, ma'adinin da ake batirin waya da na mota da shi, amma mafi yawan tace shi a Sin ake yi, kuma ribar mai kauri tana wajen tacewa da ƙera batiri. A 2018 ƙasar ta sabunta dokar ma'adinai ta ɗaga royaltin kobalt zuwa kashi 10. Indunusiya ta ɗauki hanya mafi tsauri, ta hana fitar da ɗanyen nikel daga Janairun 2020 don tilasta gina matatu a gida. Tarayyar Turai ta kai ta ƙara a Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, kwamitin shari'a ya ba Turai gaskiya a 2022, Indunusiya ta ɗaukaka ƙara ta ci gaba da abinta. Matatu sun ginu, kuɗin fitar da kaya ya ƙaru ƙwarai, amma yawancin jarin na kamfanonin Sin ne, wutar da ake amfani da ita ta kwal ce, masunta da manoman tsibiran Sulawesi da Halmahera kuma suna kuka da gurɓatar ruwa da ƙwace filaye. Wannan dabara tana aiki ne ga ƙasar da ke riƙe da kaso mai girma na kasuwa. Wadda ke da kashi biyu ko uku idan ta hana fitarwa, masu saye za su juya wani wuri kawai.

Misalin da ya fi koyar da ɗalibi a wurina shi ne bututun Chadi da Kamaru, mai tsawon kilomita 1,070 daga Doba zuwa Kribi. Bankin Duniya ya shiga aikin a 2000 bisa sharaɗin wata doka ta 1999 da ta ware kashi 10 na kuɗin mai na kai tsaye don zuriya mai zuwa, mafi yawan sauran don lafiya da ilimi da raya karkara, da kashi 5 don yankin da ake haƙowa. Mai ya fara gudana a 2003. A ƙarshen 2005 gwamnati ta sauya dokar, ta soke asusun zuriya, ta buɗe ƙofar kashe kuɗin a harkar tsaro, a 2008 kuma bankin ya janye bayan Chadi ta biya bashinsa. Ƙarfin mai ba da sharaɗi yana nan ne kafin a binne bututu. Da zarar kuɗi ya fara shigowa, gwamnati ba ta buƙatarsa, kamfanoni kuwa sun ci gaba da lodi.

Daga babban birni zuwa bakin rami

Ko da kuɗin ya shiga baitulmali cikakke, saura tafiya. Abin da al'umma ke rasawa gona ce da ruwa da kiwo da lafiya, kuma nan take take rasa su. Abin da ake mata alkawari kuɗi ne da zai bi ta hannu da yawa, bayan shekaru. Diyyar fili galibi ana lissafa ta ne da amfanin gonar da ke tsaye a ranar ƙidaya, a biya sau ɗaya, alhali gonar tana ciyar da gida kowace shekara. Wanda ba shi da takardar mallaka, kamar mai aron gona, da makiyayi mai wucewa, da mata a wurare da yawa, ba ya shiga jerin ma. Aikin yi kuma yana yawa ne a shekara biyu ko uku na gini, bayan nan mahaƙar zamani injina ne da ƙwararru kaɗan, yayin da baƙin da suka kwararo sun riga sun tsadar da haya da abinci.

Ɓarnar muhalli tana daɗewa fiye da ribar. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni a 2011 ya samu sinadarin benzin mai jawo sankara a ruwan rijiyar wata unguwa ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, ya kuma ƙiyasta cewa gyara zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Ƙasashe sun gwada mayar da kaso. Peru na mayar da rabin harajin ribar kamfanonin haƙar ma'adinai ga yankunan da aka haƙo. Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ware aƙalla kashi 13 ga jihohin da ke samarwa, dokar man fetur ta 2021 kuma ta sa kamfani ya zuba kashi 3 na kuɗin gudanarwarsa na shekarar baya a asusun al'ummomin da yake aiki a cikinsu. Dokar Kwango ta 2018 ta ware kashi 0.3 na cinikin shekara. Matsalolin da ke biyo baya iri ɗaya ne kusan ko'ina. Ƙaramar hukuma ba ta da injiniya ko akanta da zai tsara aiki, sai kuɗin ya tafi a ginin da ake gani da ido, ba malami ba magani a ciki. Layin da aka ja aka ce nan ne iyakar al'ummar da abin ya shafa yana haddasa gaba tsakanin maƙwabta, musamman waɗanda ke ƙasan kogi ko bakin hanyar manyan motoci, masu shan ƙura da guba ba tare da kaso ba. A Peru ɗin ma, rikicin mahaƙar Las Bambas ya fi zafi ne a kan hanyar da motoci ke bi da tagulla. Sannan tambayar wa ke magana da yawun al'umma: idan kamfani ya zauna da mutum biyar ya ba su kwangila, ya samu sa hannu amma bai samu yarda ba.

Akwai ƙofofin da suka buɗe. Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1989 da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asalin wuri sun kafa ƙa'idar tuntuɓa da neman yarda kafin a fara aiki, ko da yake ƙasashe kaɗan ne suka rattaba hannu a ta farkon. A 2019 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yarda mazauna ƙauyukan Zambiya fiye da 1,800 su yi ƙarar kamfanin haƙar ma'adinai na Vedanta a Ingila kan gurɓatar ruwa. A Panama, zanga-zangar 2023 ta kai ga Kotun Ƙoli ta soke yarjejeniyar babbar mahaƙar tagullar ƙasar.

Yadda za ki tsara aikin

Kuskuren da na fi gani a ayyukan ɗalibai shi ne faɗin take. Albarkatun Afirka da siyasar duniya ba take ba ne na aikin wata shida. Ki zaɓi mahaƙa ɗaya ko filin mai ɗaya, al'umma ɗaya ko biyu, da tsawon shekara biyar zuwa goma, sannan ki rubuta tambayar da adadi zai iya amsawa, misali: daga cikin abin da doka ta ce a mayar wa wannan yanki, nawa ya iso, me aka yi da shi?

Takardu huɗu za ki nema. Rahoton EITI, shirin bayyana kuɗaɗen ma'adinai da aka fara a 2003, wanda ke jera abin da kamfani ya ce ya biya kusa da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Ƙasashe mambobi kuma an wajabta musu buga yarjejeniyoyin da aka ƙulla ko aka gyara daga farkon 2021. Sai rahoton shekara na uwar kamfanin, domin dokokin Tarayyar Turai da Birtaniya da Kanada sun tilasta wa kamfanonin haƙa da ke rajista a can su bayyana abin da suka biya kowace gwamnati. Sai kasafin kuɗin jiha ko ƙaramar hukuma, kuma ki nemi rahoton abin da aka kashe a zahiri, domin kasafi niyya ce kawai. Na huɗu rahoton tantance illar muhalli da aka yi kafin fara aiki, wanda ke ɗauke da alkawura da kuma yanayin ruwa da ƙasa na asali. Wajen haɗa adadin ki kula da abu uku da ke ɓata lissafi: shekarar kuɗi ta kamfani ba lallai ta dace da ta gwamnati ba, canjin kuɗi na shekarar da aka biya za ki yi amfani da shi, kuma kada ki haɗa kuɗin ciniki da riba.

Idan za ki shiga gari, ki nemi wani gari mai kama da shi a girma da sana'a da nisa daga titi, wanda ba a haƙa komai a kusa da shi, ki auna su da ma'auni ɗaya: tushen ruwan sha, nisan asibiti, yawan yara a makaranta, girman gonar gida. Ba tare da wannan kwatanci ba, ba za ki iya cewa mahaƙar ce ta jawo talaucin ba, tunda yawancin ma'adinai a wuraren da dama can an yi watsi da su ake samunsu. Hira ashirin zuwa talatin ta isa aikin digirin farko idan kin rarraba ta: mata daban da maza, matasa, masu gona da masu aro, ma'aikatan kamfani, masu haƙa da hannu, da jami'in hukuma. Kada mai gari ko jami'in hulɗa da jama'a na kamfani ya zaɓar miki duk waɗanda za ki gani. Duk abin da aka faɗa miki, ki nemi tabbacinsa daga baki na biyu ko daga takarda.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma ya kamata ki rubuta ta a babin hanyoyin bincike. Takardun hukuma suna nuna kuɗin da ya bi ta ƙofa ne, ba sa nuna zinariyar da aka yi fasa-ƙwaurinta ko cin hancin da aka biya a wata ƙasa. Gari biyu ba za su wakilci nahiya ba. Zargin cuta daga gurɓatar ruwa kuma yana buƙatar gwajin ɗakin bincike, don haka in ba ki da shi ki rubuta cewa mazauna sun faɗa, kada ki rubuta cewa an tabbatar.

Batun tsaro ba na wasa ba ne a wuraren haƙar ma'adinai. Ki karɓi takardar gabatarwa daga sashenku da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, ki bayyana wa kowa abin da za ki yi da maganarsa kafin ki kunna na'ura, ki sauya sunaye a rubutu, ki ajiye jerin sunayen na gaskiya a wani wuri daban da wayarki. Kada ki ɗauki hoton shingen jami'an tsaro ko harabar kamfani ba da izini ba. Idan masu bindiga ne ke riƙe da ramukan yankin, ki sauya wuri ko ki tsaya a kan takardu da hira ta waya.